David Lynch: Mai zanen da ya so zanensa ya motsa

Jama'a, ku kawo wannan hoton a ranku. Kunnen mutum ne yankakke, yashe cikin ciyawa, tururuwa na yawo a kansa. Daga wannan kunnen labarin Blue Velvet na 1986 ya tashi. Wanda ya shirya fim ɗin kuwa, David Lynch, tun farko zane ya sa a gaba.

An haife shi ranar 20 ga Janairu, 1946, a Missoula da ke jihar Montana a Amurka. Mahaifinsa mai binciken itatuwa ne a ma'aikatar gona, shi ya sa yaron ya tashi yau nan gobe can. Da ya girma ya shiga makarantar koyon zane a Philadelphia. Wata rana yana zanen wani lambu cikin duhun dare, sai ya ji kamar iska na fitowa daga cikin zanen, ganyayen na kaɗawa. Abin ya tsaya masa a rai. A 1967 ya yi ɗan fim na kusan minti guda, kawunan mutane shida suna amai, aka haska shi a kan allon da ya sassaƙa da hannunsa.

Babban fim ɗinsa na farko, Eraserhead, sai da ya ci kusan shekara 5. Kuɗi su ƙare, aiki ya tsaya, ya koma raba jarida da dare don ya samu na abinci. Ya fito a 1977, ana nuna shi da tsakar dare. Mai shirya finafinai Mel Brooks ya gani, ya damƙa masa The Elephant Man na 1980, wanda ya shiga takarar kyautar finafinai ta Oscar a fannoni 8.

Sai tuntuɓe. Dune na 1984 ya faɗi, kuma abin da ya fi yi masa ciwo shi ne ba shi da ta cewa a tacewar ƙarshe. Mai zane bai saba wani ya karɓe masa buroshi ba. Daga nan ya gwammace kuɗi kaɗan, muddin hukuncin na hannunsa.

A 1990 shi da marubuci Mark Frost suka kawo shirin Twin Peaks mai dogon zango gidan talabijin na ABC, Amurka ta ɗauki tambaya ɗaya: wa ya kashe Laura Palmer, budurwar da aka tsinci gawarta a farkon shirin? A 2001 Mulholland Drive ya biyo baya, har yau masu kallo na gardama kan ina mafarki ya ƙare, ina farke ya fara. An sha tambayarsa ma'anar finafinansa, yakan ƙi faɗa. Ni dai ina ganin da gaskiyarsa. Wa ke tsare mai zane ya ce sai ya fassara masa launi?

Amma fa kada ku ɗauka duhu kawai ya iya. A The Straight Story na 1999, wani dattijo ne ya hau injin yankan ciyawa daga Iowa zuwa Wisconsin don ya duba ɗan'uwansa mara lafiya da suka daɗe ba sa ga-maciji. Labarin gaske ne, kuma duk mai riƙon zumunci zai ji shi a jikinsa.

A 2024 ya bayyana cewa taba ta lalata masa huhu. Da gobara ta tashi a Los Angeles a Janairun 2025, dole ya bar gidansa, inda ɗakin zanensa yake. Kwanaki kaɗan bayan haka ya rasu, yana da shekara 78.