Gidajen da Suka Ɓoye 'Ya'yan Yahudawa a Poland

A ranar 15 ga Oktoba, 1941, Hans Frank, gwamnan da Jamus ta naɗa a tsakiyar Poland bayan ta mamaye ƙasar a Yaƙin Duniya na Biyu, ya kafa dokar kisa a kan duk Bayahuden da ya fita daga unguwar da aka killace shi, da kuma duk wanda ya ba shi mafaka. A aikace, hukuncin yakan haɗa har da matar mai gida da 'ya'yansa.

A birnin Warsaw an cunkushe Yahudawa fiye da 400,000 a bayan katanga, kuma daga Yulin 1942 aka fara kwasar su a jiragen ƙasa zuwa sansanin kisa na Treblinka. Iyaye da yawa suka gane cewa hanyar tsirar da ta rage wa ɗansu ita ce su miƙa shi ga baƙin da ba su taɓa gani ba. Irena Sendler, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, tare da abokan aikinta da ƙungiyar ɓoye ta Żegota, wadda aka kafa a Disamban 1942, sun fitar da yara a cikin akwatuna da buhuna da motocin ɗaukar marasa lafiya.

Sunan Sendler ne ya fi shahara, kuma ta cancanci hakan. Sai dai fitar da yaro aikin sa'o'i ne, riƙe shi kuwa aikin shekaru ne, kuma iyalai ne suka ɗauki wannan nauyi. Da kati ake raba abinci a lokacin, saboda haka yaron da ba shi da takarda sai dai ya ci daga ɗan abin da aka ba 'yan gida. Dole a nemo masa takardar haihuwa ta jabu, wadda wasu limaman coci suka riƙa bayarwa, sannan a koya masa sabon suna da addu'o'in Katolika har su zauna masa a baki, domin ɗan sanda yana iya tsayar da shi a hanya ya ce ya karanto. Yaron da ya tashi da Yiddish, harshen Yahudawan yankin, kalma ɗaya da ta suɓuce masa cikin barci ta isa ta tona asirin gida.

'Ya'ya maza sun fi wuyar ɓoyewa, domin Yahudawa suna kaciya, Kiristocin Poland kuwa ba al'adarsu ba ce, har ta kai ana sa wa wasu yara maza kayan mata. Ga kuma maƙwabta. Akwai masu farautar Yahudawan da suka ɓuya don karɓar kuɗin toshiyar baki, shi ya sa akan sauya wa yaro gida sau da dama. Gaskiya ne wasu sun karɓi yara don kuɗi, suka kore su da kuɗin ya yanke, kuma bai dace a haɗa su da waɗanda suka riƙe amana ba.

A ƙauyen Markowa, Józef Ulma da matarsa Wiktoria sun ɓoye Yahudawa takwas. A ranar 24 ga Maris, 1944, 'yan sandan Jamus suka harbe baƙin, suka harbe ma'auratan, Wiktoria tana da tsohon ciki, sannan suka harbe 'ya'yansu shida.

Da yaƙi ya ƙare a 1945, sai wata matsala ta taso. Yawancin iyayen sun hallaka, wasu yaran kuma da dangi suka zo nemansu sun ƙi barin matar da suka sani a matsayin uwa. Elżbieta Ficowska tana da wata shida aka fitar da ita daga unguwar Yahudawa ta Warsaw a cikin akwatin katako, da cokalin azurfa mai ɗauke da sunanta da ranar haihuwarta. Ungozoma Stanisława Bussold ta raine ta, sai da ta zama budurwa ta san asalinta, kuma daga baya ta shugabanci ƙungiyar yaran da suka tsira a Poland. Yad Vashem, cibiyar Isra'ila ta tunawa da kisan ƙare dangi da aka yi wa Yahudawa, ta karrama 'yan Poland fiye da 7,000 saboda ceton Yahudawa, adadin da ya zarce na kowace ƙasa, kuma ana sa suna ne kawai idan an sami shaidar da ta tabbatar da aikin.