Ranar da aka 'yanta bayin Washintan, wa aka biya diyya?

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Yau mun leƙa Amurka, zamanin yaƙin basasar 1861 zuwa 1865. Malam Sani, kowa ya san sanarwar 'yanta bayi da Shugaba Lincoln ya fitar ranar 1 ga Janairun 1863, amma ka ce akwai abin da ya riga ta.

Malam Sani: Ƙwarai kuwa. A watan Afrilun 1862 majalisa ta yi dokar 'yanta bayin birnin Washintan, mutum sama da 3,000, gwamnati kuma ta biya diyya har dala 300 a kan kowane bawa.

Bashir: To, ko ba komai sun samu ɗan jari.

Malam Sani: Iyayengijin aka biya, Bashir. Bayin ko sisi.

Bashir: Subhanallahi! Wanda ya ci gumin mutum shekara da shekaru, shi ne kuma ya yi asara?

Malam Sani: Haka doka ta ɗauka. An kafa kwamitin mutum uku. Ubangida ya rantse yana goyon bayan gwamnatin tarayya, ya jero bayinsa a gaban kwamitin, sannan wani dillalin bayi da aka ɗauko daga Baltimo ya dudduba jikinsu, ya yi wa kowa kuɗi kamar a kara. Tsoho da mara lafiya farashinsu ƙasa.

Hadiza: Wallahi wannan ya tsaya mini a rai. Ranar 'yancinka ma sai an yi maka kuɗi.

Malam Sani: Kuɗin da aka yi wa bayin tayi shi ne har dala 100, da sharaɗin mutum ya tattara ya koma Haiti ko Laberiya. A ƙasar da aka haife shi fa ake ce masa ya tashi.

Bashir: Gona fa, Malam? Na taɓa jin zancen eka 40.

Malam Sani: Wannan umarnin Janar Sherman na sojojin gwamnatin tarayya ne a Janairun 1865, cewa a ba kowane iyali har eka 40. An raba wa iyalan 'yantattu filaye a gaɓar tekun Karolina ta Kudu da Jojiya, har sun yi shuka. Aka kashe Lincoln a watan Afrilu, Andrew Johnson ya hau mulki, ya sa aka mayar da yawancin filayen ga masu su na da.

Hadiza: Waɗanda suka yi wa gwamnatin tawaye kenan?

Malam Sani: Su ɗin dai. Da yawa cikin 'yantattun sai suka koma noma a gonakin nan, ana raba amfani da mai gona, bashi yana bin su daga kaka zuwa kaka.