Sharhi: An gama kirga kuri'a, karamar hukuma ta fito da kyallen taya murna

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, na Agege da na Mile 12, na Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago, har da wadanda gosulo ya rike a cikin danfo suna jinmu ta waya, sannunku da hakuri.

Yau maganar kananan hukumomi zan yi, da abin da suke yi duk lokacin da aka sanar da sakamakon zaben majalisar tarayya. Kowa a nan Legas ya san abin. Kafin tawadar da aka shafa maka a babban yatsa ta goge, ka ga an daure katon kyalle a kofar sakatariya, hoton sanata a sama, hoton dan majalisar wakilai a gefe, hoton ciyaman a tsakiya ya fi na kowa girma kamar shi ya ci zaben, kansiloli kuma an jera kawunansu a kasa kanana kanana. An taya murna, an gode wa jama'a, shi ke nan an rufe littafi.

To ni a ganina ba a karanta littafin ba ma balle a rufe shi. Mu koma 25 ga Fabrairun 2023. APC ta kwashe kujerun sanata uku na Legas gaba daya, Tokunbo Abiru a gabas, Wasiu Eshilokun a tsakiya, Idiat Adebule a yamma. Amma a kujeru 24 na majalisar wakilai abin bai tafi sumul ba, jam'iyyar Labour ta fizge wasu, irin su Eti-Osa da Amuwo-Odofin, kuma a wannan ranar dai a zaben shugaban kasa Peter Obi ya samu kuri'a 582,454 a jihar nan, Bola Tinubu ya samu 572,606, a garin da ya yi gwamna shekara takwas. Sannan babban lamarin da ba a cika fada ba, mutum sama da miliyan 7 ne suka yi rajista a Legas amma wadanda suka fito ko miliyan daya da rabi ba su kai ba. Ciyaman din da ya san abin da yake yi, wannan sakamakon ai takardar asibiti ce aka mika masa kyauta, rumfa rumfa, mazaba mazaba, ga inda jama'a suka yi fushi, ga inda suka ki fitowa kwata-kwata. Sai ya tara kansiloli a zauna a duba, a ce unguwa kaza me ya hana su fitowa, ko hanyarsu ce ta mutu, ko 'yan karbar haraji ne suka ishe su.

Wani zai ce ai malam zaben Abuja ne, ina ruwan karamar hukuma. Da ruwanta mana. Talaka ba ya raba gwamnati gida uku kamar yadda tsarin mulki ya raba, shi duk wanda ya zo da rasit a hannu gwamnati ne. Kuma in ka duba abin da tsarin mulkin 1999 ya dora wa kananan hukumomi, kasuwanni ne, tashar mota, mayanka, makabarta, kwashe shara, kananan tituna da magudanan ruwa, har lasisin amalanke da baro. Wato duk inda dan Arewa ke neman abincinsa a Legas. Sanata ba zai zo ya yashe maka kwatar bakin shago ba, ko ya so ma ba ya nan, yana Abuja.

Rannan da sassafe na bi ta wata kasuwar kayan gwari, an sauke tumatir daga tirela, ruwan sama ya kwana yana zuba, kwata ta cika ta dawo cikin rumfa. Wani dattijo ya nade wando har gwiwa yana ta jan kwandunansa zuwa tudu, ga mai tikiti tsaye a kansa da biro a kunne yana jira. Na ce Baba sannu da aiki, ya ce yauwa dana, ka ga kudin shara nake biya a cikin shara. Abin da ya rufe kwandunan da shi kuwa, wallahi tsohon kyallen taya murnar zabe ne, fuskar wani dan majalisa duk ta sha ruwan tumatir. Ya ce ledar tana da kauri, ba ta yoyo.

Amma fa kada mu dora wa ciyamomi laifin duka, mu ma da namu. Da yawanmu shekara ashirin muna Legas, a nan muka yi aure, a nan yara ke makaranta, amma katin zaben na Kano ne ko Sakkwato ko Katsina. Zabe ya matso sai a cika motoci a tafi gida, a bar Agege shiru. To ciyaman in ya dauko sakamakon rumfar unguwarku ya ga kuri'a 'yan kadan, da me za ka tsorata shi? Da aka hana acaba a kananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Lagos Island da Lagos Mainland, gwamnatin jiha ce ta yi ba karamar hukuma ba, amma kowa ya ga yadda aka rasa masu tsaya mana a inda ake yanke magana. Alhali INEC ta yarda ka mayar da rajistarka inda kake zaune, kuma da wannan rajistar ce hukumar zaben jiha, LASIEC, take yin zaben kansiloli.

Shi kuma zaben kansilolin sai a hankali. Legas na da kananan hukumomi 20 da tsarin mulki ya sani, da karin yankunan raya kasa 37 da aka kirkiro zamanin gwamna Tinubu, wadanda har Obasanjo ya rike kudin jihar a kansu, jimla 57. A zaben Yulin 2025 APC ce ta dauke kujerun ciyaman din duka 57. Ban ce komai ba, amma mutumin da ya san tikitin jam'iyya shi ne zaben, wa kake jin zai fi taya murna, sanatan da ke da baki a rabon tikiti ko Baba mai tumatir?

Kuma yanzu uzurin babu kudi ya fara tsufa. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Koli ta yanke cewa a rika tura wa kananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ba ta hannun gwamnoni ba. Aiwatarwar na tafiyar hawainiya, gaskiya ne, amma hukuncin yana nan, kuma jama'a na da damar tambaya nawa ya shigo wannan watan, me aka yi da shi. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da ake gayyata sakatariya a dauki hoto bayan kowane zabe, ranku ya dade, in an kira ku wannan karon ku tafi da takarda a aljihu, a rubuta sunan layi da sunan kwata.

Za mu dan je talla mu dawo, sannan mu bude layi. Wanda ya san sunan kansilan mazabarsa ba tare da ya tambayi kowa ba, shi nake so ya fara bugowa.