"Borrow me" ɗin nan, ina matsalarta take?

Ku dubi wannan saƙon: "Please borrow me five thousand." Mu dai mun gane, aljihu ne ya bushe. Amma wanda Turanci ne harshensa na gado, in ma ya fahimta, zai ɗauka cewa kake ya je wurin wani ya ranto maka dubu biyar. Ka ga an samu saɓani tun kafin kuɗi su fito.

Laifin ba na ƙwaƙwalwarka ba ne. Hausa da Turanci kowanne da inda ya sa wuƙa ya raba maganar.

Bahaushe kayan yake kallo. In abin da za ka mayar shi ne ainihin wanda ka karɓa, kamar tsani, dutsen guga ko keke, wannan aro ne. In kuwa kashewa ko cinyewa za ka yi ka biya da kwatankwacinsa, kamar kuɗi ko kwanon gero, wannan rance ne. Wane ne ya bayar, wane ne ya karɓa? Ƙarshen kalma kawai muke ɗan juyawa: ara mini, na ari, ranta mini, na ranci.

Turanci ba ruwansa da wannan. Tsani ne ko naira miliyan, duk ɗaya. Abin da yake tambaya shi ne, ina kayan suka nufa?

To, a nan ku tsaya, ku ɗauka ga hannuwa biyu da biro a tsakani. Nemo wanda ya aikata aikin a cikin jimla. In biron ya shigo hannunsa, borrow. In biron ya bar hannunsa, lend. Musa ya karɓa: "Musa borrowed a pen from Audu." Audu ya miƙa: "Audu lent a pen to Musa." Abu ɗaya ne ya faru, kamara ce kawai ta sauya wuri. Lura da abokan tafiyarsu: borrow tana jan from, lend tana jan to. Kuma lent ake cewa in abu ya wuce, babu lended.

Yanzu koma kan saƙon. Da ka ce "borrow me", umarni kake bai wa abokinka, shi ne mai aikin, kuma kuɗin barin hannunsa za su yi. Ashe lend ce. Hanya biyu gare ka: "Can you lend me five thousand?" ko "Can I borrow five thousand?" Ni na fi son ta biyu, ta fi taushi a kunne, ko da yake ba ta hana a ce maka babu.

A kasuwa da tashar mota "borrow me" tana biyan buƙata, ba mai tsayar da kai. A takardar WAEC ko jarrabawar Turanci ta IELTS kuwa, kuskure ne.

Sauran a gurguje. Loan yawanci suna ce, bashin banki, kodayake a Amurka suna amfani da ita a madadin lend. Teach da learn ma haka suke: malami ya koyar, teach, ɗalibi ya koya, learn. "Learn me English" ƙanwar "borrow me" ce, uwa ɗaya uba ɗaya.

Rent ce kaɗai 'yar ba-ruwana, mai gida da ɗan haya duk suna iya amfani da ita. Sai dai allon nan na jikin gini mai "To Let", wannan muryar mai gida ce.