Fodkas: Wane Karatu ne ke Kai Mace Teburin Sulhu?

Malam: Assalamu alaikum, masu sauraronmu na Nima da Mamobi da Sabon Zango a nan Akra, babban birnin Gana. Yau muna tare da Hajiya, wadda ta daɗe tana sasanta iyalai a unguwanninmu, da kuma ɗalibarmu da ke shekarar ƙarshe a jami'ar Legon, wadda ta zo da tambaya.

Ɗaliba: Na gode, Malam. Hajiya, ina so in yi aikin kare haƙƙin mata da wanzar da zaman lafiya, amma duk wanda na tuntuɓa sai ya ce mini sai na karanta lauya, ni kuwa nazarin zamantakewa nake yi.

Hajiya: 'Yata, lauya hanya ce mai kyau, ba zan raina ta ba. Marigayiya Annie Jiagge, 'yar ƙasarmu Gana, da koyarwa ta fara, har ta shugabanci makaranta a Keta kafin ta tafi Landan ta zama lauya a 1950, ta dawo ta zama alƙaliya, kuma da hannunta aka tsara sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1967 kan kawar da wariyar da ake nuna wa mata. Sai dai in kina neman wadda ta fi kusa da abin da kike karantawa, ki tambayi Malam abin da ya faru a garin nan a 2003.

Malam: A shekarar ne aka tara ɓangarorin yaƙin Laberiya a Akra, ƙarƙashin shiga tsakanin Janar Abdulsalami Abubakar na Najeriya, kuma makonni suka shuɗe ana ja-in-ja a otal yayin da ake kashe mutane a Monrobiya. Da haƙuri ya ƙare, sai matan Laberiya cikin fararen kaya, Leymah Gbowee na gaba, suka zauna a ƙofar zauren suka sarƙe hannuwa, suka ce babu mai fita sai an cimma matsaya. Ranar 18 ga Agusta aka sa hannu kan yarjejeniyar.

Hajiya: Abin da nake so ki lura da shi, a ranar da Leymah ta tare ƙofar nan ba ta da babban digiri. Jami'ar walwalar jama'a ce wadda ta koyi aikin a wajen kwantar da hankalin yaran da aka tilasta musu ɗaukar bindiga, kuma ita kanta ta taɓa zaman gudun hijira a sansanin Buduburam da ke nan Gana. Digirinta na biyu kan sasanta rikici sai a 2007 ta samo shi a Amurka, lambar Nobel kuma ta biyo baya a 2011. Wadda ta tattaro mata Musulmi suka shiga wannan gwagwarmaya kuwa, Asatu Bah Kenneth, 'yar sanda ce.

Ɗaliba: To ashe ke nan takarda ba ta da wani muhimmanci?

Hajiya: A'a, kada ki ɗora mini maganar da ban faɗa ba, domin ni kaina na ɗanɗana rashinta. Akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, danginsa suka kulle ɗakin suka tafi da makulli tun ba ta gama takaba ba. Kwana uku ina kai da komo tsakanin gidajen biyu, ina sha musu ruwa ina ba su baki, har muka tafi wajen wata lauya. Tambayar farko da ta yi mana ita ce, ina takardar rajistar auren? A ranar na fara jin cewa doka ta tanadi a yi wa auren Musulmi rajista cikin mako guda da ɗaura shi, alhali an yi shekaru ina halartar ɗaurin aure ban taɓa ganin wanda ya yi ba. Na fito daga ofishin nan kunya ta rufe ni, kuma ita ce ta mayar da ni aji da furfurata.

Malam: Ajin kuwa bai yi mana nisa ba. Cibiyar Kofi Annan da ke Teshie tana ba da digiri na biyu kan jinsi da zaman lafiya da tsaro, fannin da ya bunƙasa bayan ƙuduri mai lamba 1325 kan mata da zaman lafiya da tsaro na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a shekarar 2000. Ƙungiyar WANEP, mai aikin wanzar da zaman lafiya a Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1998, a nan Akra hedkwatarta take. A ɓangaren gwamnati akwai Majalisar Zaman Lafiya ta Ƙasa da dokar 2011 ta tabbatar, da kuma sashen 'yan sanda na DOVVSU da ke karɓar ƙorafin cin zarafi a cikin gida.

Ɗaliba: Ku gafarce ni, amma iyayena za su tambaye ni ko aikin yana ciyar da mai shi.

Hajiya: Yana ciyarwa, amma ba kamar aikin banki ba. Ƙungiyoyi da yawa da kuɗin masu tallafi suke tafiya, in tallafin ya ƙare kwantiragin ma ya ƙare, shi ya sa wadda ta iya rubuta rahoto da Turanci mai tsabta kuma ta iya lissafin kasafi ba ta daɗewa a zaune. Ke kuma kina da abin da ba a koyarwa a Teshie, wato Hausa da sanin yadda ake shiga gidan Zango, wa ake fara gaisarwa, da lokacin da ya kamata a kira liman ko magajiya.

Ɗaliba: Daga ina zan fara ke nan, Hajiya?

Hajiya: Ranar Asabar bayan la'asar muna da zama a gidan magajiya kan wata rigimar kishiyoyi. Ki zo da littafin rubutu da mayafinki, ki zauna a bayana, kuma a wannan zaman na farko ba za ki ce komai ba sai gaisuwa.