Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya A Ziyararsa Ga Kwamitin Al'umma Kan Binciken Lafiya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Mai Girma Kwamishinan Lafiya, ranka ya daɗe. Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Dagatai da masu unguwanni, Allah ya taimake ku. Malam Liman da sauran malamanmu, Allah ya gafarta muku. Likitoci, ma'aikatan jinya, ungozomomi, iyayena mata da 'yan'uwana, assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin wannan kwamiti, wanda ke tsaye tsakanin masu binciken lafiya da mutanen garin nan, ina yi maka lale marhabin. Sannu da zuwa, sannu da hanya. Da ka ga dama da wakili ka aiko, amma ka tako da kanka cikin wannan rana mai zafi. Zumunta a ƙafa take, yau mun gani, kuma mun gode. Tun da Allah ya kawo ka, ka yi mini izini in faɗi abin da ya daɗe yana cin ran matan da ke zaune a bayan rumfar nan.

Na yi shekara 31 ina karɓar haihuwa kafin in yi ritaya. A cikin shekarun nan akwai abin da na maimaita har ban san adadinsa ba. Mace za ta shigo da cikin wata 2, jiki zafi rau, zazzaɓin cizon sauro ya kama ta. Ga Coartem, maganin zazzaɓin, a kan teburina, wanda jiya na ba mijinta, shekaranjiya na ba ɗanta, kwana 3 sun miƙe. Ita kuwa sai in ƙirga mata kwinin na kwana 7, sau 3 kullum. Ga ɗaci, ga jiri, ga kunne yana ta shuu, ga laulayin da dama ya hana ta riƙe ko kunu. Da yawansu a kwana na 3 suke tura sauran ƙarƙashin katifa, bayan mako biyu a dawo mana da su jini ya ƙone.

Najeriya ta koma amfani da irin su Coartem tun 2005. Sai a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba masu ƙaramin ciki shi. Shekara 17 ke nan. An ga alamar haɗari a gwajin dabbobi, aka tsorata, aka bar masu ciki a waje lokacin gwajin mutane. Hujjar da aka kafa daga baya kuwa, yawancinta daga matan da suka sha maganin ne ba su san suna da ciki ba, aka bi diddiginsu har suka haihu lafiya. Ranka ya daɗe, ashe ko an cire mace daga bincike, ba a cire ta daga gwaji ba. A jikinta ake gwadawa, sai dai babu mai lura, babu mai rubutawa.

Tsoron yana da asali, ba na musun haka. A ƙarshen shekarun 1950 an riƙa ba masu ciki a Jamus da Ingila da wasu ƙasashe wani magani mai suna thalidomide don laulayi, aka haifi jarirai sama da 10,000 da nakasar hannuwa da ƙafafu kafin a janye shi a 1961. A 1977 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ce a daina sa matan da ke cikin shekarun haihuwa a matakan farko na gwajin magani. Kariya aka nufa, amma ta zama katanga. Binciken da aka yi a kan asfirin da ciwon zuciya, wanda sakamakonsa ya fito a 1989, likitoci maza 22,071 aka sa, babu mace ko ɗaya. Da aka maimaita da mata kusan 40,000, sakamakon 2005 ya nuna a jikinsu shanyewar ɓarin jiki ya fi ragewa, ba bugun zuciya ba, saɓanin abin da aka gani a maza. Sai a 1993 Amurka ta yi dokar da ta wajabta sa mata a binciken da gwamnati ke biya. Duk da haka a 2013 sai da suka raba awon wani maganin barci, zolpidem, gida biyu ga mata, daga miligiram 10 zuwa 5, bayan shekaru ana ba su awon maza. Magungunan da ake gwadawa can su ne a kantocinmu na Sabon Gari, shi ya sa na kawo zancen.

Mu ma muna da namu tabon. Babu wanda ya manta 1996, shekarar sanƙarau, da gwajin maganin Trovan a kan yara 200 a Kano, da shari'ar da ta biyo baya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Har gobe in aka ce "bincike" a wasu gidaje, uwa ɗanta take jawowa jikinta. Don haka aka kafa irin wannan kwamiti namu, kuma ba mu taɓa ce wa kowa ya sa hannu a abin da bai gane ba.

Amma mun ga ranar bincike in an yi shi da mu. A da, jinin da mai haihuwa ta zubar da ido muke kintatarsa, ko mu ƙirga zannuwan da suka jiƙe, sai ta fara lumshe ido mu gane ya wuce kima. Binciken E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da mata sama da 200,000, ya zo da wata leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mace da zarar ta haihu, jinin yana taruwa kana karanta awonsa, in ya kai layi a haɗa mata duk taimakon a lokaci guda. Sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna mummunan zubar jini da abin da yake jawowa sun ragu da kashi 60 cikin 100. Wadda ta jagoranci aikin a Najeriya 'yar gida ce, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero. Tambayar ta fito daga ɗakin haihuwa, amsar ta koma ɗakin haihuwa.

Inda gizo ke saƙar a garin nan shi ne bakin zaure. Saurayi zai zo da takardar tambayoyi, ya yi sallama, yaro ya leƙo ya ce maigida ba ya nan. Sai ya rubuta "ba a samu kowa ba", alhali mata huɗu suna tsakar gida suna surfe. In ya ci sa'a ya tarar da maigidan, shi zai amsa har tambayar da ta shafi jinin al'adar matarsa. Mu a nan muna neman izinin maigida, don mutuncin gida ne, amma bayan ya ce to, sai mace ta shiga ciki ta zauna a tabarma ta tambayi matar ita kaɗai. Yardar miji ba ta zama yardar mata. Na taɓa ganin an dangwala wa wata dattijuwa yatsa a takardar Turanci a matsayin wadda ba ta iya karatu ba, ita kuwa ta sauke Alƙur'ani, tana rubuta wasiƙa da ajami.

Kada a ɗauka mata kawai nake yi wa kuka. Tarin tibi ya fi kama maza, amma mai ƙidayar da ya zo da hantsi ba zai same su ba, suna gona ko kasuwa. Rashin haihuwa kuma mace ake ta ja daga asibiti zuwa gidan mai magani, ba a cika gwada miji ba, alhali sau da yawa matsalar tana wajensa. Akwai kuma waɗanda ba a ko ambatonsu. Sau 3 a aikina na karɓi jaririn da na kasa ce wa uwarsa namiji ne ko mace, wato mata-maza. Malamanmu na fiƙihu ba su kawar da kai daga gare su ba, sun ware musu hukunci har a rabon gado, amma takardar bincike gida biyu kawai gare ta, namiji ko mace. Wasu daga cikin jariran nan suna da ciwon da ke zubar musu da gishirin jiki, yana iya kashe su a makonnin farko in ba a gane ba, ga shi yana da magani. Iyaye suna ɓoye su don kunya, mu kuma ba mu ƙirga su ba, to ta yaya za a tanadar musu?

Ranka ya daɗe, roƙonmu bai fi ƙarfin ofishinka ba. Tun 2007 ƙasar nan take da kundin ƙa'idojin binciken lafiya. Muna so kwamitin da ke ba da izinin bincike a jihar nan ya riƙa tambayar duk mai nema: su wa ka sa, su wa ka bari, me ya sa? In zai cire masu ciki ko masu shayarwa, ya kawo hujja a rubuce. In ya gama, ya fitar da sakamakon mata daban, na maza daban. A sa mata a kwamitin, har da ungozoma da malamar Islamiyya, a kuma ɗauki 'yan matanmu da suka gama makarantar koyon aikin lafiya su riƙa shiga gidaje. Takardar yarda ta zo da Hausa, boko da ajami, a karanta wa mutum a bayyane. Wanda ya ɗebi jininmu kuma ya dawo ya faɗa mana abin da ya gani, a nan ƙofar fadar Hakimi, da harshen da muke ji.

Bayan an tashi, matan kwamitin suna jiranka a ɗakin awo, za su nuna maka littafin da muke rubuta gidajen da muka shiga da waɗanda suka ce a'a. Akwai kuma fura da nono da aka dama maka tun safe. Allah ya saka da alheri, ya yi riƙo da hannunka, ya mayar da kai da 'yan rakiyarka gida lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.