Ka ɗora wa tsohuwar Land Cruiser injin turbo, to takardun fa?

Auwal: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Gombe. Yau muna tare da Oga Dauda kamar kullum, da bakin mai a farcensa kamar kullum, sai kuma Barista Maryam wadda ta ce ba za ta ƙara zuwa ba in ba mu gyara fankar ɗakin nan ba amma ga ta ta zo.

Maryam: Ba ku gyara ba kuma.

Auwal: Ana kan hanya. Toh, saƙo ne ya shigo daga wani mai sauraro a Kaltungo, ya ce yana da tsohuwar Land Cruiser akori-kura mai injin 1HZ, yana ɗaukar buhunan masara da ita, in ta zo hawan Tula sai ta koma kamar ana tura ta, yana so ya sauke injin ya ɗora mai turbo, amma ana ta ce masa wai laifi ne, za a kama motar. Oga, mu fara da kai.

Oga Dauda: To ni dai tun kafin a zo maganar kamu, ina so ya sani injin da yake son saukewa ba ƙaramin inji ba ne. 1HZ silinda 6 ne, lita 4.2, tun 1990 Toyota ke yin sa, ba burenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ba wata wayar da za ta ba ka ciwon kai, ko a ƙauyen da babu lantarki za a kwance shi a ɗaure. Matsalarsa ɗaya, nawa gare shi, ba ya sauri. Ƙarfinsa wajen doki 130 ne. Ɗan'uwansa 1HD-T, shi ma lita 4.2 ɗin ne amma da turbo, yana kai wajen 165, kuma jan da yake yi tun daga ƙasa shi ne abin da mai kaya yake nema ba gudu ba.

Auwal: Ka ɗan yi wa mutane bayanin turbo ɗin, don wasu sun ɗauka wani maɓalli ne ake dannawa.

Oga Dauda: Hayaƙin da ke fita ta salansa ne ake sa shi ya juya wata 'yar fanka, ita kuma ta juya wata a ɗaya gefen, ta dinga cusa iska cikin inji. Iska ta ƙaru, sai a ƙara gas, wato man dizal, ƙarfi ya ƙaru. Shi ke nan. Shi ya sa a kan tudu ake ganin amfaninsa sosai, don inji mara turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau, ka ga wanda ke zuwa Gembu can saman Mambilla ai ya san abin da nake faɗa. Amma fankar nan tana juyawa sama da sau 100,000 a minti ɗaya, bakin mai ne kaɗai ke riƙe da ita.

Maryam: Oga bari in tare ka kafin ka kai mu Japan. Amsar tambayarsa gajeruwa ce, canza inji ba laifi ba ne. Laifin shi ne ka canza ka yi shiru. Duk wanda ke da mota ya ɗauko takardunsa yanzu ya duba, akwai lambar shasi, akwai lambar inji, a lasin mota da takardar mallaka da ta inshora. Ranar da ka sauke injin nan, takardunka sun koma suna bayanin wata motar da babu ita a duniya. In aka tsayar da kai aka buɗe bonet aka ga lamba daban, jami'in ba shi da hanyar sanin ko saye ka yi ko daga motar wani aka kwance da daddare.

Auwal: Kenan daga ina zai fara, ofishin VIO, masu duba lafiyar mota?

Maryam: A'a Yaya Auwal, daga shagon da zai sayi injin. Nan ne mutane ke faɗuwa wallahi. Mutum zai je Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko ma ya aika Ladipo a Legas, ya biya kuɗi masu yawa, a ba shi wani guntun rasit an rubuta "inji ɗaya" an sa hannu, shi ke nan ya ɗora a mota ya taho. Wannan rasit ɗin ba ya kare kowa. Dole lambar injin ta fito a jiki harafi da harafi, da sunan shago da adireshi da kwanan wata da sunanka. In ɗan Beljiyam ne ka nemi kwafin takardar kwastan ta kayan da ya shigo a ciki, in kuma daga wata motar gida aka cire, to mai motar ya rubuta maka yarjejeniya da shaidu, ya haɗa da kwafin takardun motar tasa da ke ɗauke da wannan lambar. Domin in injin ya zama na sata, kai da aka samu abu a hannunka kai za ka fara amsa tambaya.

Oga Dauda: Kuma ya duba lambar da idonsa a jikin bulok, kar ya yarda da wadda aka rubuta da fenti. A goge wurin da fetur, a ɗora takarda a goga fensir, lambar za ta fito. In ka ga wurin ya yi sumul kamar an bi shi da giranda, ko haruffan ba su daidaita ba, tashi ka bar shagon ko nawa aka rage maka.

Maryam: Sai kuma bayan an ɗora. Abin da aka saba shi ne ka je kotu ka yi takardar rantsuwa cewa kai ne mai mota lamba kaza, ka sauke inji mai lamba kaza ka ɗora mai lamba kaza. Ka sanar da 'yan sanda, suna da rajistar motoci da ake kira CMR, canjin inji yana cikin abubuwan da ake shigarwa can, kamar canjin launi da canjin mai mota. Sannan VIO su ga motar ido da ido su ba da takardar lafiyar mota, sai ofishin lasin da ke ƙarƙashin hukumar tara haraji ta jiha su gyara bayanan su fitar da sababbin takardu. Kuma don Allah mutum ya je da ƙafarsa. Masu tsayawa bakin ƙofa su ce kawo in yi maka, za su iya kawo maka takarda mai kyau fes wadda ba ta cikin kwamfuta.

Auwal: Inshora fa? Don ni dai a sanina ana yin ta ne saboda shingen hanya.

Maryam: Kai da mutane da yawa. Tun Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin inshorar nan ta dole ta motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, kuma abin da za a iya biya in ka lalata dukiyar wani ya kai miliyan 3. Kuɗi ne na gaske. Amma kamfani ya yi yarjejeniya ne a kan motar da ka bayyana masa, in ka ƙara mata ƙarfi ba ka faɗa ba, ranar da tsautsayi ya faɗa ka ba su ƙofar da za su tsaya ja da kai. Wasiƙa ɗaya ce fa, su gyara lambar inji a takardar.

Oga Dauda: Ni kuma ga inda nake da magana, Barista ki yi haƙuri. Duk wannan zagayen da kika lissafa, lamba ake dubawa. Wa zai tambaye shi birki?

Maryam: VIO ai aikinsu ne.

Oga Dauda: Za su duba birki na kamawa, fitila na kamawa, taya ba ta suɗe ba. Amma wa zai zauna ya yi lissafi ko birkin da aka yi wa doki 130 zai tsayar da motar da yanzu take hawa da gudu da buhu cike a baya? A Jamus in ka yi irin wannan aikin sai injiniyan TÜV, masu binciken lafiyar motoci a can, ya duba ya amince an shigar a takarda, in ba haka ba izinin hawa titi na motar ya faɗi. Ostareliya ma injiniya ke sa hannu. Mu nan bakanike ne injiniyan, shi ne kuma mai sa hannun, wani lokacin ma yaron shago ne ya yi waldar kujerar inji.

Auwal: To kai da kake bakaniken, me kake dubawa?

Oga Dauda: Zafi tukuna. Garin nan a watan Maris da Afrilu ana haura digiri 40, turbo kuma zafi yake ƙarawa, in ka bar tsohon lagireto da ya toshe rabi to ka sayi matsala da kuɗinka. Masu Hilux da ke sauke injin 3L ko 5L su ɗora 1KZ mai turbo sun san wannan, inji ne mai daɗin tuƙi amma in ya yi zafi sau ɗaya biyu sai kan silinda ya tsage. Sai kuloci, na tsohon inji zai fara zamewa. Sai giyabos, a tabbatar wadda za ta iya ɗauka ce. Kujerun inji a yi su da ƙarfe mai kauri ba guntun da aka tsinta ba. Matatar iska kuma a lokacin hunturu kullum a duba, ƙurar nan in ta shiga cinye fukafukan turbo take yi. Kuma in ka dawo daga doguwar tafiya kar ka kashe nan take, bar shi ya yi minti biyu yana aiki a tsaye, in ba haka ba man da ke ciki ya ƙone ya daskare.

Auwal: Wani zai ce me ya sa ba za a bar 1HZ ɗin a wurinsa ba a ɗaura masa turbo kawai, ka ga lamba ba ta canza ba, Barista ta huta.

Oga Dauda: Ana yi, kuma ni ba na so. Matsin da ke cikin 1HZ ya riga ya yi yawa, fistin ɗinsa ba a yi su don wannan wutar ba. In mai hankali ne ya sa iska kaɗan ya sa agogon zafin hayaƙi yana kallo, zai iya daɗewa. Amma direban da aka ba mota ya ji tana ja, zai taka ne har fistin ya fashe.

Maryam: Kuma ban huta ba, inshora dai sai an gaya musu.

Auwal: Sababbin injinan nan na Toyota masu burenbos da ake kira D-4D fa, 1KD da 2KD?

Oga Dauda: Ga wanda ke shan gas a gidan mai mai kyau, bismilla. Ga wanda ke saye a jarka a bakin hanyar Dukku, a'a. Nozul ɗinsu ba ya haƙuri da ruwa ko datti, kuma sai ka kwaso burenbos da wayoyinsa da makullinsa gaba ɗaya, in ɗaya ya ɓace mota ba za ta tashi ba. Mutumin Kaltungo dai 1HD-T zan ce masa, in ya samu mai lafiya, don samun nasa ma aiki ne yanzu kuma ba araha.

Maryam: Ƙari ɗaya, kar ya sayar da tsohon injin sai sababbin takardu sun fito, ana iya cewa a kawo shi a ga lambar. In zai sayar kuma shi ma ya rubuta wa mai saye rasit da lamba, ya ajiye kwafi.

Oga Dauda: In zai sayar ɗin ya neme ni.

Auwal: Ashe dai talla ka zo yi. Jama'a lokaci ya ƙure, mako mai zuwa maganar mayar da mota kan iskar gas ta CNG za mu yi, ku turo tambayoyinku. Sai an jima.